Abin da Matashi Yake Ɗauka daga Gida Kafin Ya Tsallaka Gada

Duk yaron da yake ajin sakandare a Kaduna a yau, an haife shi ne bayan garin ya riga ya rabu gida biyu. Bai riski zamanin da Bahaushe da ɗan ƙabilar Bajju da Bayarabe, dukkansu ma'aikatan masaƙa, suke haya a gida ɗaya a Kakuri ko Makera ba, suna bin layin famfo ɗaya, 'ya'yansu suna tafiya makaranta tare. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL kuma ta biyo bayanta a 2007, don haka wurin da ya fi kowane haɗa iyayenmu a kan neman abinci ya mutu a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Rikicin Shari'a na watannin Fabrairu da Mayu na shekarar 2000 ya ci rayuka fiye da 1,000, na watan Nuwamban 2002 kuma, wanda ya tashi a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, ya ci kimanin 250. Bayan nan mutane suka riƙa sayar da gidajensu ko su yi musanye, Musulmi suka tattaru a su Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Sanusi, Kirista kuma suka koma su Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi. In ban da wurare irin su Barnawa da Kakuri inda har yanzu ake cakuɗe, kogin Kaduna ya zama iyaka.

Na daɗe ina koyarwa a makarantar sakandare a cikin garin nan, kuma ni ma uba ne, shi ya sa wannan magana ba ta barin raina. Yaron da ya tashi a Rigasa yana iya kaiwa shekara 16 bai taɓa zama ya ci abinci da Kirista ba, haka ma yarinyar da ta tashi a Unguwar Romi tana iya gama sakandare ba ta taɓa shiga gidan Musulmi ba. To daga ina suke samun abin da suka sani game da mutanen tsallake? Kaɗan daga makaranta, kaɗan daga wa'azi, wani abu daga waya, amma mafi yawansa daga gida. A garin da maƙwabta suke cakuɗe, idan uba ya faɗi mummunar magana a kan wata al'umma, yaro zai fita ya ga maƙwabcin da halinsa ya ƙaryata maganar. A yawancin unguwanninmu yanzu babu wannan maƙwabcin, saboda haka abin da aka faɗa a tsakar gida shi ne yake zaunawa.

Iyaye da yawa suna ɗauka cewa abin da suke koya wa 'ya'yansu shi ne abin da suka zaunar da su suka faɗa musu, alhali abin da yaro ya fi riƙewa shi ne maganar da aka yi ba don shi ba. Yana jin tsakin da mahaifinsa ya ja lokacin da aka ambaci wata ƙabila a labaran rediyo. Yana lura da sunan da ake kiran makanikin gidan da shi bayan ya tafi, ko da an yi masa fara'a yana nan. Yana ganin abin da ake yi da abincin da abokin aikin mahaifiyarsa ya aiko ranar Kirsimeti, ko kuwa, a can tsallake, abin da ake yi da naman layyar da aka kawo ranar Babbar Sallah. Kalmar “arne” a wannan ɓangare, da kiran kowane mai gemu “ɗan Boko Haram” a wancan ɓangare, ba a aji ake koyar da su ba. A 2013 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Juliane Degner da Jonas Dalege, sun tattara bincike 131 da aka yi a kan iyaye da 'ya'ya fiye da 45,000, suka tarar da cewa ra'ayin 'ya'ya game da mutanen da ba nasu ba yana kama da na iyayensu kama mai matsakaicin ƙarfi, ko da yake ba kamar an buga da hatimi ba ne. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin sau da yawa idan ɗalibi ya furta wata magana a aji, nakan ji muryar babba a cikinta.

Amma abin da ya fi damuna ya wuce maganar da ake yi a kan wasu. Abin da na yi imani da shi, bayan shekarun da na yi ina kallon matasa, shi ne cewa matashi yana koyon yadda ake mu'amala da wanda ya saɓa maka ne daga yadda aka yi mu'amala da shi a ranar da ya saɓa wa iyayensa. Gida shi ne wuri na farko da yake gwada cewa “ni ban ga haka ba”, kuma amsar da ya samu a ranar ita ce darasinsa na farko a kan abin da ya dace da mai saɓani.

Shekarun balaga lokaci ne da yaro yake fara auna abin da a da yake karɓa ba tambaya. Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake taimaka wa mutum ya danne fushi ya kuma hango ƙarshen abu kafin ya aikata, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, alhali zafin zuciya da son samun karɓuwa a wajen abokai sun riga sun yi ƙarfi tun daga shekara 13 ko 14. Saboda haka musu da tambaya da ɗan taurin kai ba alamar lalacewa ba ne a wannan shekaru, hanyar girma ce da Allah Ya tsara. Sai ga shi a gidaje da yawa, da zarar yaro ya ce, “Baba, ni dai a ganina…”, kafin ya rufe baki an ce masa, “Yi mana shiru, yaushe aka haife ka?” In ya sake, mari ya biyo baya. Abin da wannan yaro ya koya ba shi ne cewa ra'ayinsa kuskure ne ba, domin ba a nuna masa inda kuskuren yake ba. Abin da ya koya shi ne cewa mai ƙarfi ba ya sauraren mai rauni, kuma saɓani raini ne da ake maganinsa da hannu. Ranar da ya samu kansa a matsayin mai ƙarfi, ko a kan ƙaninsa, ko a kan ɗan ƙaramin aji a makarantar kwana, ko cikin gungun samari da suka tare baƙo a bakin layi ranar da gari ya rikice, wannan darasin ne zai fito.

Ina ganin haka a aji. Idan na jefa wa ɗalibai tambayar da ba ta da amsa ɗaya, akwai waɗanda suke iya jin ra'ayin da ba su yarda da shi ba har mai magana ya gama, sannan su ɗaga hannu su kawo nasu. Akwai kuma waɗanda jikinsu yake rawa tun kafin a kai tsakiyar magana, su katse mutum, su koma zagi, kamar an taɓa mutuncinsu. Da na matsa kusa da irin na biyun, ba safai nake tarar da mugunta ba, abin da nake tararwa tsoro ne. Wani daga cikinsu ya taɓa ce mini, “Malam, mu a gidanmu ba a tambaya, abin da aka ce shi ke nan.” Yaro ne mai ladabi ƙwarai, yana durƙusawa ya gaishe ni, amma bai taɓa ganin mutum biyu sun saɓa sun tashi lafiya ba, don haka bai san ana iya yin haka ba.

Wata masaniya 'yar Amurka mai suna Diana Baumrind, wadda ta yi aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta kasa salon tarbiyya kashi uku tun a shekarun 1960. Akwai iyaye masu doka ba bayani, akwai masu sakaci da suke barin yaro ya yi abin da ya ga dama, akwai kuma masu kafa doka su tsaya a kanta, amma su faɗi dalili, su kuma saurari yaro. Binciken da ya biyo bayan nata ya yi ta nuna cewa 'ya'yan kashi na uku sun fi iya riƙe kansu da zama da mutane. Na san wani zai ce wannan tarbiyyar Turawa ce, kuma mun ga inda ta kai su. Ban raina wannan tsoro ba, domin ni ma ba na son ɗana ya tsaya a gabana yana ɗaga mini murya da sunan 'yanci. Sai dai kashi na uku ba sakaci ba ne, kuma ba daga Turai muka fara jin labarinsa ba. A cikin Suratu Luƙman, uba yana kiran ɗansa da lafazin tausasawa, “ya ƙaramin ɗana”, kuma kusan duk umarnin da ya ba shi sai ya haɗa da dalili. A cikin wasiyyar nan ne, a aya ta 18, ya hana shi karkatar da kuncinsa ga mutane da tafiya a bayan ƙasa da taƙama. Ayar ta ce mutane, ba ta ware 'yan gida ko 'yan addini ba. A Suratu Ali Imrana kuma, aya ta 159, Allah Ya gaya wa Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa da ya kasance mai kaushin hali da ƙeƙasasshiyar zuciya da sun watse daga gare shi, sannan Ya umarce shi da ya yi shawara da su. Idan wanda wahayi yake sauko wa aka umarta da shawara, ban ga dalilin da zai sa uba ya ɗauki sauraren ɗansa mai shekara 15 a matsayin zubar da girma ba.

Akwai kuma hadisin Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya goma amma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da aka ba shi ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Na kawo wannan ne saboda al'adarmu ta kunya, wadda ta sa uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, wani lokaci ma ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Ba na cikin masu zagin wannan al'ada, domin a inda ta fito tana da abin da yake cike giɓinta. A babban gida na gargajiya, yaron da mahaifinsa yake jin kunyarsa yana da kaka da yake wasa da ita, yana da kawu da gwaggo da baffa da zai kai wa kukansa, kuma ɗa na kowa ne a unguwa. Amma a gidan haya mai ɗaki biyu a Hayin Banki ko Badarawa, inda kakanni suke can ƙauye, maƙwabci kuma yana tsoron tsawata wa ɗan wani, mun riƙe nisan mun rasa masu cike shi. Yaron ba shi da babban da zai yi magana da shi, sai majalisar bakin titi da wayar hannu. Daga nan 'yan dabar da ake kira 'yan shara suke samun sababbin yara, daga nan kuma masu wa'azin ƙiyayya suke samun masu sauraro, domin su suna ba matashi abin da bai samu a gida ba, wato a kira sunansa a nuna masa yana da amfani.

Da maganar ta tsaya a nan da ta yi sauƙi, sai a ce kowa ya ja ɗansa a jiki, shi ke nan. Amma kusanci shi kaɗai ba ya haifar da haƙuri da mutane. Wata mai bincike, Marta Miklikowska, ta bi matasa da iyayensu a ƙasar Suwidin na tsawon shekaru tana auna ra'ayinsu game da baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, kuma a sakamakon da ta wallafa a 2016 ta nuna cewa matasan da suke jin iyayensu suna tare da su sun fi kama da iyayen a ra'ayi, har da ra'ayin ƙyama. Kusanci kamar magudanar ruwa yake, abin da aka zuba a sama shi ne yake isa ƙasa, mai kyau ko maras kyau. Uban da yake ƙaunar 'ya'yansa, yana hira da su, yana sauraronsu, amma zuciyarsa cike take da ƙiyayyar wata al'umma, ya fi uba mai nisa iya dasa musu wannan ƙiyayya, domin sun yarda da shi.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi wuya a garinmu. Iyayen matasan yau su ne samari da 'yan matan shekarar 2000. Cikinsu akwai wanda aka ƙona gidansu yana kallo, akwai wadda ta kwana a barikin soja da goyo a baya, akwai wanda har yau bai san inda aka binne yayansa ba. Wasu kuma sun sake ganin irinsa bayan zaɓen watan Afrilun 2011, a Zonkwa da Kafanchan da cikin Kaduna. Ba zan iya kallon irin wannan mutum in ce masa ya manta ba, kuma ban yarda a ɓoye wa yara tarihi ba, domin abin da aka ɓoye a gida za su ji shi a waje daga bakin wanda ba ya nufinsu da alheri. Tambayar ita ce yaya ake ba da labarin. Akwai bambanci mai girma tsakanin uwar da ta ce wa 'yarta “su ne suka kashe kawunki” da wadda ta ce “wasu mutane ne suka kashe kawunki a lokacin rikici, kuma a ranar an kashe na wasu ma a wannan unguwar tamu.” Magana ta farko ta ɗora jini a kan miliyoyin mutane, har da jariran da ba a haifa ba a lokacin. Ta biyu gaskiya ce cikakkiya, ko da yake ta fi ɗaci a baki, domin ta haɗa da laifin namu.

Kuma kusan duk gidan da yake da labarin asara a garin nan yana da labari na biyu da ba a cika bayarwa ba, na maƙwabcin da ya ɓoye su a ɗakinsa, ko direban da ya fitar da su daga unguwa cikin dare, ko mai shagon da ya tsare musu kaya har ƙura ta lafa. Na ji irin wannan labari daga bakin Musulmi, na ji daga bakin Kirista. Yaro yana da haƙƙin ya ji duka biyun. Idan labarin wuta kaɗai aka ba shi, an ba shi rabin gadonsa ne, kuma rabin da zai cutar da shi.

Muna da misali a garin nan da duniya ta sani. Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance jagororin matasa a ɓangarori biyu masu gaba da juna, kuma a rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992 Fasto Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Ashafa kuma ya rasa malaminsa da wasu 'yan uwansa. A 1995 suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, kuma da hannunsu a cikin yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a watan Agustan 2002. Ba su musanta abin da ya same su ba, sun dai zaɓi abin da za su yi da shi. Sai dai yana da kyau a tuna cewa wata uku bayan wannan yarjejeniya gari ya sake kamawa da wuta, kuma waɗanda suka fito kan titi yawancinsu matasa ne. Wannan ba gazawar masu sa hannu ba ce. Abin da ya nuna shi ne takardar da manya suka sa wa hannu a zauren taro ba ta isa ɗakin da yaro yake kwana sai ta hannun iyayensa.

Kada kuma a ɗauka maganar Musulmi da Kirista ce kawai. Yaro yana fara koyon “mu” da “su” ne tun a tsakar gida, tsakanin ɗakin mahaifiyarsa da ɗakin kishiyarta. Uban da ya fifita 'ya'yan wani ɗaki a kuɗin makaranta ko kayan Sallah ya koya wa dukkansu cewa adalci ya danganta da ɓangaren da ka fito, shi ya sa lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi ya ƙi zama shaida, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Haka nan yadda ake yi wa 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, da almajirin da yake wanke-wanke don ragowar tuwo, da yadda ake ambaton ɗan Izala a gidan 'yan ɗariƙa ko ɗan ɗariƙa a gidan 'yan Izala, duk karatu ne. Wanda ya saba da raina na kusa ba zai sha wahalar raina na nesa ba.

Wasu iyayen suna tsoron cewa idan suka koya wa yaro girmama wanda ba addininsu ɗaya ba, aƙidarsa za ta yi rauni. Abin da na gani akasin haka ne. Matashin da aka zaunar aka yi masa bayanin addininsa, aka amsa tambayoyinsa ba tare da an kira shi fitsararre ba, ba ya firgita don ya zauna benci ɗaya da wanda ya saɓa masa. Wanda yake firgita shi ne wanda aka ba shi addini a matsayin jerin abubuwan tsoro. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta faɗa a fili cewa Allah bai hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe ku saboda addini ba, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka gaya masa ko wane ne sai ya ce ashe ba rai ba ne. Ba a ce yaro ya yarda da abin da wani ya yi imani da shi ba. An ce ya san cewa mutum ne mai haƙƙi a kansa.

Akwai wani bincike da aka yi a cikin garin nan namu da ya kamata iyaye su sani. Alexandra Scacco da Shana Warren sun ɗauki samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin Kaduna da suka sha fama da rikici, aka ba wasu daga cikinsu horon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai cakuɗe, wasu a ajin 'yan addininsu zalla. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna cewa abin da samarin suke faɗa game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba, amma da aka gwada su da rabon kuɗi, 'yan aji mai cakuɗe sun fi 'yan aji na zalla yin adalci. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayanin da suka bayar, cewa zaman 'yan addini ɗaya su kaɗai shi ne ya ƙara musu fifita nasu. Wato ba sai an koya wa matasa ƙin kowa ba, tara su wuri ɗaya su kaɗai ya isa ya karkatar da hannunsu. Idan mako 16 ya yi haka, sai mu auna abin da shekara 16 a unguwa ɗaya da makaranta ɗaya za ta yi.

Kuma mabuɗin wannan cuɗanya yana hannun iyaye. Su ne suke zaɓar makaranta, su ne suke yarda ko su hana yaro zuwa gidan abokinsa, su ne suke sakin fuska ko su ɗaure ta idan ya zo da baƙon da sunansa ba irin namu ba ne. Ban ce a saki yaro ya tsallaka gada a ranar da gari yake ɗar-ɗar ba, kuma na san kuɗin mota da halin tsaro ba su bar wa talaka zaɓi mai yawa ba. Amma mafi yawanmu muna da abokin aiki ko abokin ciniki daga ɗaya ɓangaren, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko a ma'aikata ko a gareji, mutumin da muke ba bashi muke karɓa, wanda 'ya'yanmu ba su taɓa gani ba. Ɗaukar yaro a je yi wa irin wannan mutum barka ko ta'aziyya ba ya cin komai, kuma abin da zai gani a wannan ziyara, wato mahaifinsa yana zaune a gidan yana gaisawa cikin mutunci, ya fi nasiha mai tsawo. 'Yan mata sun fi buƙatar wannan, domin sun fi samari zama a gida, kuma su ne za su ba 'ya'yan gobe labarin farko.

Binciken Suwidin da na ambata ya nuna wani abu kuma, cewa tasirin ba daga sama kawai yake gangarowa ba, ra'ayin matasa ma yana sauya na iyayensu. Na ga haka da idona a wajen iyayen da 'ya'yansu suka shiga Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ko suka tafi hidimar ƙasa, suka dawo da abokai daga ko'ina. Amma wannan ba ya faruwa sai a gidan da yaro yake da bakin magana. Haka ma batun waya. Idan aka turo wa matashi bidiyon gawarwaki a WhatsApp da rubutun cewa ga abin da ake yi wa 'yan uwanmu, wanda ya saba kai wa mahaifinsa magana zai zo ya ce, “Abba, ka ga abin da aka turo mini.” A nan uba yake da damar tambayarsa wa ya turo, a ina aka ɗauka, yaushe, kuma me mai turowar yake so a yi. Wanda ya san cewa tsawa ce za ta tarbe shi, ko a ƙwace wayar, ba zai kawo ba, zai tura wa abokansa ne. Idan kuma yaro ya furta mummunar kalma a kan wata al'umma a gabanmu, dariya tana tabbatar masa da ita, mari kuma yana koya masa ya ɓoye ta ne kawai. Abin da yake aiki shi ne a tambaye shi inda ya ji, da wanda ya sani a cikin mutanen da yake magana a kansu, a kuma gaya masa a fili cewa a gidan nan ba a kiran mutane da wannan suna, sannan ya ga cewa mu ma ba ma kira.

Gwamnatin jiha ta kafa Hukumar Zaman Lafiya a 2017, ƙungiyoyi kuma suna ta shirya wa matasa da malaman addini taruka, amma ban cika ganin ana kiran iyaye a matsayinsu na iyaye ba. Taron iyaye da malamai da muke yi a makarantu kusan kullum a kan kuɗi da gyaran aji yake ƙarewa. Ina roƙon shugabannin makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu da Islamiyyu, a arewacin kogi da kudancinsa, su riƙa ware wani sashe na wannan taro don a tattauna yadda ake magana da matashi a gida da yadda ake ba shi labarin abin da ya faru a garin nan, kuma a gayyato iyayen da rikicin ya shafa daga ɓangarorin biyu su yi magana da bakinsu.